Tsokar Wuya a Kan Ganga

Ranar da zan bar Maraɗi in taho Faransa, mahaifina bai yi mini doguwar nasiha ba. Bai ce in kiyayi giya ba, bai ce in kiyayi mata ba, don ya san irin rainon da ya yi mini. Muna tsaye a tashar mota, ana ɗaure kaya a saman bas, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Abu guda nike roƙonka. Kar in ji an ce an gan ka da ganga." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Ya ce shi ma malami ne, ya san in sha Allahun da ake yi don a rabu lafiya. Sai na dube shi na ce na yi alƙawari, sannan ya sake mini hannu.

Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin wannan roƙo. Kakana makaɗin mahauta ne. A zamaninsa, in an yi yanka da safe, shi ke ratsa bakin kasuwa da kalangu a hammata don mutane su san nama ya sauka. Kowane babban mahauci yana da takensa, wato kiɗan da in ya ji ya san da shi ake, kuma in ya ji dole ya fito ya sallami makaɗi. Mahautan unguwarmu da nama suke sallama, tsoka daga wuya, naɗe cikin takardar siminti. Mahaifina ya iya kiɗan sarai, amma tun yana saurayi ya ajiye shi, ya shiga karatu, har ya zama ladan a masallacin unguwa. Sai da ya yi kusan shekara talatin kafin mutane su daina ce masa ɗan makaɗi su koma ce masa Malam. Mu dai mun san halinmu. Muna son kiɗa, muna taka rawa har ƙafa ta yi ciwo, amma in makaɗi ya zo neman auren ƴarmu sai mu fara tari.

Kakana ya zauna tare da mu har na kai shekara tara. Kalangunsa yana cikin buhu, rataye a ɗakin ajiya tare da tsofaffin tukwane, kuma ban taɓa jin muryarsa ba ko sau ɗaya. Tsohon bai yi gardama da ɗansa ba, amma yatsunsa ba su yi alƙawari da kowa ba. Yakan sa ni in kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya riƙa buga mini wani abu a gadon baya da yatsu, yana danna ni da gwiwar hannu a wasu wuraren kamar yadda ake matse tsirkiyar kalangu. Ni a wurina wasa ne mai sa dariya. In ya ji takun mahaifina a zaure sai ya koma sosa mini baya.

Kiɗan Turawa da ake ce wa rok kuwa, a rumfar wani mai gyaran keke da babur na fara jin sa, kusa da makarantarmu ta sakandare. Mutumin yana da rediyon kaset da aka ɗaure murfinsa da roba, da kaset uku da wani bature ya bar masa. Abokaina suna cewa hayaniya ce kawai, kamar an yi faɗa a maƙera. Ni ban ma lura da mai gita ba, balle mai ihun. Mutumin da ke can baya yana dukan ganguna shi na ji. Ba ya yabon kowa, ba ya kiran sunan uban kowa, aikinsa ya riƙe sauran kada su watse. Na riƙa ƙirƙiro wa kekena ciwo don in samu dalilin zama a rumfar. A lokacin ba na jin Ingilishi. Da na zo na gane abin da wasu waƙoƙin ke faɗi sai kunya ta rufe ni, don akwai wadda na yi shekara biyu ina rerawa a hanyar masallaci.

Karatun ruwa ya kawo ni Lyon, kuma har yau a nan nake, ina aikin gwada ruwan famfo kafin ya isa gidajen mutane. Shekara uku na farko na riƙe alƙawari cif. Ba zan yi wa kaina kirari ba, babu ganga ne a gidan ɗalibai. Sau ɗaya na je kallon masu rok da rana a wani filin shaƙatawa. Kiɗan ya yi daɗi har cikin ƙirji, amma wani dogo ya tuntsurar mini da giya a riga, na je famfo na wanke, na yi La'asar a bayan bishiya da jiƙaƙƙiyar riga ina rawar sanyi. Daga ranar na gane kiɗan nake so, taron kuwa ba nawa ba ne.

Wata Lahadi na je kasuwar bakin kogi sayen albasa, sai na ji ɗaya daga cikin waƙoƙin mai gyaran keke tana tahowa daga bayan rumfuna, amma babu gita, babu mai ihu. Mutum kusan ashirin ne, maza da mata, da huluna masu ban dariya, suna busa ƙahonin tagulla manya da ƙanana, uku suna rataye da ganguna. Irin wannan ƙungiya ta masu busa da kiɗa a titi ita ake ce wa fanfar. Na bi su titi uku da ledar albasa a hannu. Shugabarsu wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga tuƙin bas, gajera, mai murya kamar ta mai kiran fasinja, tana riƙe da lema ruwan ɗorawa da take ba da umarni da ita. Da suka tsaya shan ruwa ta nufo ni ta ce tun ɗazu tana kallon yatsuna a kan cinyata. Ta ce suna haɗuwa kowace Laraba da ƙarfe shida a wata makarantar firamare, kuma suna da ganga guda da ba ta da mai ita. Na ce mata ni ban iya ba. Ta ce su ma haka.

Na je Larabar, da niyyar kallo kawai. Abin da ya fi ɗaure mini kai ba kiɗan ba ne, mutanen ne. Akwai nas, akwai mai raba wasiƙu, akwai malamar lissafi, akwai wani likitan haƙori da busarsa ba ta taɓa faɗawa daidai ba. Ba wanda ake biya, ba wanda suke wa kirari, ba wanda ya gaji abin daga ubansa. Likitan nan zai yi Lahadi yana kumbura kumatu a tsakiyar titi da hula mai siffar kaza a kai, Litinin kuma manyan mutane su kwanta su buɗe masa baki ba tare da sun raina shi ba. Na tuna mahaifina da shekarunsa talatin, na ji haushi, ban ma san wa nake jin haushi ba. Suka rataya mini gangar, matsakaiciya ce mai igiya a kafaɗa, suka ba ni sanduna biyu. Kafin a tashi na riga na san zan dawo.

Sun karɓe ni yadda nake. In an gama sukan buɗe kwalabensu, ni in buɗe lemona, ba wanda ya taɓa cewa in ɗanɗana. Da sanyi, lokacin da Magariba ke faɗowa a tsakiyar gwaji, shugabar ce da kanta ke duba agogo ta ce a huta minti biyar, in je lungu tsakanin ƙananan kujerun yara in shimfiɗa rigar sanyina in yi salla. In azumi ya kama nakan rataye gangar sai bayan Salla, su kuma su yi ta ƙorafin cewa kiɗa ya rame.

Ban zauna haka nan ba tare da tambaya ba. Na tambayi malamai, a nan da kuma ta waya. Wani ya ce duk abin kiɗa haramun ne, ya rufe magana. Wani ya ce a duba abin da ake faɗi a ciki da abin da yake jawowa. Wani dattijo a masallacinmu na unguwar Guillotière ya tambaye ni ko ya taɓa hana ni salla a kan lokaci, na ce a'a, ya ce to in ci gaba da tsoron Allah, bai ƙara ko kalma ba. Na saurara, na karanta, kuma gaskiya har yau ban warware ba. Wani lokaci ina cikin kiɗa sai in ji zuciyata ta yi wasai, in ji ina son kowa a titin har da mai karen da ke hararar mu, in ce anya wannan daga Shaiɗan yake? Wani lokaci kuma in tayar da salla sai in ji wani sautin Laraba yana bi na har cikin Fatiha, in ce to ga shi nan. Abu ɗaya ne babu saɓanin malamai a kansa. Na yi wa mahaifina alƙawari, kuma kowace Laraba ina karya shi. Na lallashi kaina da cewa Lyon da Maraɗi akwai nisa, ba mai kai masa labari. Kowace Juma'a bayan an sauko ina kiran sa, ya tambaye ni sanyi, da aiki, da salla, in ba shi amsa ta gaskiya. Bai taɓa tambayar ganga ba, don a wurinsa an gama wannan magana tun a tasha.

Fanfar ɗinmu tana da wata al'ada guda da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ana cikin kiɗa, in shugabar ta nuna ka da lemar nan, sai kowa ya yi tsit, kai kaɗai ka yi naka na ɗan lokaci, sannan a dawo a rufa maka. Ko jiya ka shiga, ko ka iya ko ba ka iya ba, lema in ta nuna ka sai ka yi. Ta ce haka ake hana gwanaye girman kai, a hana matsorata ɓuya. Ni na tanadi wani ɗan salo na rok da nake fitarwa duk sanda aka nuna ni, kuma kullum yana samun tafi.

A shekarata ta huɗu tare da su, wata fanfar ta Paris ta gayyace mu zagayen unguwa, ranar wata Asabar a watan Yuni. Da aka rarraba takardar hanyar da za a bi, idona ya faɗa kan unguwar Château Rouge. Duk Bahaushen da ke Faransa ya san wurin. Can nake zuwa sayen gero da kuka da daddawa in na shiga Paris, kuma ba na barin unguwar sai na gaida wani Alhaji mai shagon nama, mutumin garinmu. Ya zo ƙasar nan tun ba a haife ni ba, ya yi shekaru yana saɓar yankakkun shanu a kafaɗa a babbar kasuwar Rungis kafin ya buɗe nasa shagon. Injiniya yake ce mini. Na taɓa gaya masa mahaifina ladan ne, ya ce madalla, ni kuma na tsaya a nan.

Da na ce ba ni da lafiya da shi ke nan, amma ban ce ba. Ina son zuwa, wannan ita ce gaskiya. Ban kuma gaya wa shugabar ta kawar da lemarta daga kaina a wannan titin ba, don in na faɗa sai ta tambayi dalili, ni kuwa ban taɓa ba su labarin kakana ba. Dabarar da na yi ita ce ta yara. Na sayi baƙin tabarau, na ja hular ƙungiya har gira, na shige tsakiya, bayan nas ɗin nan mai ƙaton ƙaho da ke naɗe jiki.

Wajen ƙarfe huɗu muka shiga unguwar, rana tana dukan kai. Titi cike yake kamar kullum, masu gasa masara a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, masu kitso sun leƙo daga shagunansu da mataji a hannu, mata suna jan kekunan cefane suna rangaji. Ina ta addu'a mu wuce da sauri. Sai wata motar kaya ta tsaya sauke buhunan shinkafa ta toshe hanya, muka ci birki daidai ƙofar shagon Alhaji. Shugabar ba ta son a tsaya shiru, sai ta fara raba lema. Ta nuna likitan haƙori, ya yi ɓarnarsa aka yi dariya. Ta nuna nas, ita kuma da ta gama sai ta matsa gefe, na fito fili. Lema ta sauka a kaina.

Salon rok ɗin da na yi shekara huɗu ina bugawa ya ɓace mini fat. Tsoro ya share kaina, ga titi ya yi tsit yana jira. Sai na ga na saƙale sanda guda a ɗamara, tafin hannuna na hagu ya kwanta a kan fatar gangar yana dannawa yana saki, sandar dama tana tafiya ita kaɗai. Abin da ya fito shi ne abin da tsoho ya riƙa buga mini a gadon baya. Ban taɓa jin sa da kunne ba sai ranar, kuma ban san taken wani ba ne.

Ban kai ƙarshe ba Alhaji ya fito daga shago, da farar rigar aiki duk jini, da wuƙa a hannu don ya manta bai ajiye ba. Abokaina suka ja da baya. Mai raba wasiƙu ya ce da ƙaramar murya mun dame shi da hayaniya, mu ba da haƙuri mu wuce. Shugabar ta sauke lema ta matso za ta shiga tsakani. Alhaji bai ko kalle ta ba. Ya tsaya a gabana ya ce da Hausa, "Sake."

Na sake. Ya miƙa wa wani wuƙar, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama yana jinjina, idonsa ya kawo ruwa.

"Taken mahaihina ne wanga," in ji shi. "Rabona da jin shi tun ina saurayi. Wa ya koya maka?" Ya ƙura mini ido. "Hidda tabarau in gani."

Na cire.

"Injiniya! Kai ne? Ashe jikan mai kalangun bakin kasuwa ne kai, kake shigowa kana hita ba ka taɓa hwaɗa mani ba?"

Bai jira amsa ba. Ya koma ciki, muka ji saukar wuƙa a kan katako, ya fito da ƙunshi a farar takarda ya ɗora a kan gangata. Takardar ta ɗan buɗe, na ga tsokar wuya ce.

Turawan da nake tare da su ba su ga komai ba sai dattijo mai kirki da ya yi kyautar nama. Amma akwai Hausawa fiye da goma a wurin, kuma kowannensu ya san abin da ake ciki. In na karɓa, na amsa a gaban jama'a cewa ni makaɗin mahauta ne, jikan makaɗi, ɗan ɗan makaɗi. In na ƙi, na kunyata dattijo a ƙofar shagonsa, na kuma nuna ina ƙyamar abin da kakana ya rayu a kai. Wayoyi kuwa sun riga sun tashi sama, na ƙirga huɗu kafin in daina ƙirgawa. Na rusuna, na sa hannu biyu na ɗauka, na ce, "Allah shi ƙara arziki, Alhaji." Titi ya ɗauki tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa, motar shinkafa ta matsa, muka wuce. Shugabar ta raɗa mini ko haka ake yi a wurinmu. Na ce haka ake yi.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon da yammacin nan, kowa yana raha ni ina fushi. Na yi fushi da Alhaji da bai iya riƙe murnarsa ba, na yi fushi da lema, na yi fushi da direban motar shinkafa da ban ko ga fuskarsa ba. Da na gama zagaye sai fushin ya dawo inda ya dace. Ba mu yi rabin hanya ba saƙon ƙanwata ya shigo daga Maraɗi. Ta ce bidiyon ya shiga wayoyin ƴan unguwa, wani ya rubuta a ƙasa cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce Baba ya gani, an nuna masa bayan La'asar.

Da na isa gida na rasa yadda zan yi da naman. Ba zan iya zubarwa ba, ba zan iya bayarwa ba, cin sa kuma ya gagare ni. Na tura shi can cikin gidan ƙanƙara na firiji, bayan ledar kuɓewa, na rufe.

Juma'a ta zo na kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Juma'a ta biyu ma haka. Ƙanwata ce ke ba ni labari. Ta ce yana kiran salla yadda ya saba, amma ya daina zaman hira a ƙofar masallaci, da an sallame sai ya sa takalmi ya nufi gida. Ta ce wani sa'ansa ya tare shi cikin raha ya ce, "Malam, ashe kalangu ya haye teku?" mutane suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, amma da ya shigo gida bai ci abinci ba. Wannan labarin ya fi mini zafi a kan a ce ya zage ni.

Ban je gwaji ba Larabar farko. Ta biyu na je ba don kiɗa ba, na zaunar da shugabar a kan kujerar yara na ba ta labarin tun daga kakana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ina so za ta rubuta wa mahaifina wasiƙa ta shaida masa cewa su mutanen kirki ne, har da likita a cikinsu. Ranar na fara dariya tun dawowarmu daga Paris. Na ce mata ba a nan matsalar take ba. Ta ce to, gangar tana cikin kabad, ba za ta ba kowa ba.

Juma'a ta uku ban kira ba, don na gaji da jin ƙarar da ba a ɗauka. Ina wanke kwano waya ta yi ƙara, na duba na ga shi ne. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, bai rage komai ba, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi maƙwabta. Ina jin kukan akuyarmu a bayansa.

"Na ga abin," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Ka yi mani alƙawali a tasha."

"Na yi."

"Tun yaushe?"

Na so in rage, amma na gaji da ragi. Na ce, "Shekara huɗu."

"Shekara huɗu kana gaishe ni kowace Juma'a."

Na ce ya yi haƙuri, ya yafe mini. Ya ce maganar mutane ba ita ta hana shi barci ba, ya saba da bakinsu tun kafin a haife ni. Ya ce abin da ya dame shi, shi ne duk wanda ya tambaye shi labarina yakan ce yaron nan in ya faɗi magana ta zauna. "Ban yahe ba tukuna," in ji shi. "Ba ni son in yi maka ƙarya kamar yadda ka yi mani. Ran da na yahe za ka ji daga bakina."

Na ce na gode. Na ɗauka zai kashe waya, sai na ji ya gyara murya.

"Wane waje ya yanko maka?"

Na gane naman Alhaji yake nufi. Na ce, "Wuya."

"To, ya san abin da shike yi. Mi ka yi da shi?"

"Yana cikin firiji, Baba. Ban taɓa ba."

"Don mi?"

Na ce ban sani ba ko ya halatta in ci, tunda ta hanyar da ya hana ni na same shi.

Sai ya ɗaga murya, irin ɗagawar da yake yi in na yi kuskure a karatun allo. "Kai! Ka dahwa ka ci. Da wanga nama aka yaye ni. Ƙashin da nike tsayuwa da shi in kira salla, da shi aka gina shi. Ni na bar kiɗi, ban ce ubana ya ciyar da ni haram ba." Daga nan ya ce in gaida mutanen gida, ya kashe waya. Ya san ni kaɗai nake zaune.

Yau wata bakwai ke nan. Yana ɗaukar wayata kowace Juma'a, muna hira, har yakan tambaye ni lafiyar Alhaji, amma kalmar da nake jira bai faɗe ta ba tukuna. Ni ma ban koma gwajin Laraba ba, ban kuma ce na bari ba, gangar tana kabad inda shugabar ta ajiye. In na ji rok a rediyo yatsuna suna motsi a kan tebur, ba na hana su.

A ranar dai, da ya kashe waya, na daɗe a tsaye da kumfar sabulu a hannu. Sannan na ture ledar kuɓewa na fito da ƙunshin, na jira ya saki, na yanka albasa, na zuba daddawa da yajin Château Rouge. Na yi bisimilla na ci ina hawaye. Naman ya ɗan yi tauri saboda daɗewa a ƙanƙara, amma na cinye shi tas, har romon na shanye.